Jatan landena sun koɗe, me zan ba su?

Umar Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kiwon 'yan jajayen jatan landen nan cherry, nawa sun koɗe. A hoton da aka turo min jajawur suke, yanzu wasu har ana hango cikinsu. Suna cin abinci, babu wanda ya mutu. Me zan ba su?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaushe suka iso?

Umar Fagge: Satin da ya wuce Hajiya, daga Legas a mota.

Maman Ilham: To gajiyar hanya ce, ƙyale su su huta. Kar ka zuba musu maganin kifi ko ɗaya, wasu akwai sinadarin jan ƙarfe (copper) a ciki, kashe su yake.

Sadiq KD: Ƙasan tankin da kake kiwonsu a ciki wane launi ne? In farin yashi ne dole su koɗe, sajewa suke da inda suke zaune. Sa baƙar tsakuwa da ciyawa ka ga yadda za su koma.

Umar Fagge: Farin yashi ne kam.

Baban Khalifa: Malam Umar ni abin da zan ja maka kunne a kai daban ne, ka tabbatar kala ɗaya aka turo maka. Wani mai sayarwa ya haɗa min ja da shuɗi da ruwan ɗorawa ya ce in zuba su tanki ɗaya zai yi kyau, kuma wallahi da farko ya yi kyau, duk baƙon da ya shigo falo sai ya tsaya kallo. Suka fara haihuwa ina ta murna, mace ɗaya tana ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta tana ta fifita su da ƙafafu, cikin sati uku sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan fari da sauƙi, amma jikokin duk suka fito ruwan ƙasa-ƙasa, ko hango su ba ka yi a cikin ciyawa. Ashe duk jinsi ɗaya ne, a kimiyyance ana ce musu Neocaridina davidi, asalinsu daga Taiwan da China kuma a rafi kalarsu ke nan, masu kiwo ne suka yi ta ware masu ja suna haɗa su har aka samu jan. Da ka cakuɗa su sai su koma gidan jiya, kuma babu abincin da zai dawo da jan. Na kira mutumin ya ce wai ruwan tankina ne ya jawo, shi ya san abin da ya yi, Allah ya isa.

Auwal Mai Gilashi: In sun ƙi yin ja a zuba su a miyar kuɓewa, da sun ji wuta za su yi 😂

Maman Ilham: Kai Auwalu ka ji tsoron Allah, mutum na cikin damuwa.

Sadiq KD: Amma maganarsa da gaskiya a ciki, wanda ka gani kwance ya koma ruwan hoda ya mutu, cire shi. In kuma fari ne fayau babu komai a ciki, saɓa ya yi, bar ɓawon su cinye abinsu. Wanda ake tsoro shi ne naman jikin ya yi fari kamar madara yana raye, da wuya ya tashi.

Hafsat Zariya: Mazan ma dama ba su kai matan ja ba, kuma sun fi ƙanƙanta. Ni ganyen zogale da alayyahu nake ɗan tafasa musu.

Auwal Mai Gilashi: Zogale ba ya sa ja Hajiya, a nemi abinci mai astaxanthin, sinadarin da ke ƙara musu ja, ina da shi a shago.

Hafsat Zariya: Ban ce yana sa ja ba, lafiyarsu nake magana. Kai komai sai ka kawo talla.

Auwal Mai Gilashi: Admin ya hana ne?

Baban Khalifa: Ku bar wannan. Zafi na nan tafe, ruwan tanki in ya haura 30 suna galabaita, kuma kar wanda ya canza musu ruwa da rana daga tankin saman rufi. In na famfo ne a tara shi ya kwana saboda kulorin.

Maman Ilham: Da fiya-fiya da maganin sauro na feshi, ko a ɗakin kusa aka fesa a rufe tankin a kashe famfon iska.

Sadiq KD: A kashe famfo a wannan zafin? Ai gara a fitar da feshin daga ɓangaren gaba ɗaya, a sa gidan sauro.

Maman Ilham: Na ɗan lokaci nake nufi Sadiq.

Nura Gusau: Salam, wa ke da ciyawar java moss a Kano? Zan shigo ranar Asabar in sha Allah.