Amana ko takarda: me ya kamata ya riƙe ma'aikaci a kamfanin da ke tashi da sauri?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum. Jiya a fada, majalisarmu ta shan shayi, an yi ta jayayya a kan wurin aikinmu har aka sha shayi na uku ba a daidaita ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Kamfaninmu na kayan sola ne a nan Damagaram, ba zan kama suna ba. Muna sayar da pano da batir, mu ɗora su, mu haɗa injin jan ruwa a garake. Da shago ɗaya aka fara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, sai kowa ya waiwayo sola: mai ƙanƙara, mai cajin waya, mai kantin magani. Yau muna da reshe a Mirya da Matamai da Magarya, ma'aikata sun yi yawan da wasu ko sunansu ban sani ba. To sababbin da aka ɗauka sun taso da maganar kwantaragi a rubuce, da rajistar CNSS, wato asusun gwamnati na fansho da inshorar ma'aikata, da kuɗin awowin da suka haura. Ni dai a ganina, kamfanin da yake tasowa ba a ɗora masa wannan nauyin tun yanzu. Amana ce ta kawo mu nan, ita ya kamata ta ci gaba da riƙe mu har ya tsaya da ƙafafunsa. Maigidanmu kwano ɗaya muke ci da shi. Da matata ta haihu, shi ya sayi ragon suna. Wace takarda ce za ta sa a saya maka rago?

Ƴar Sabongari:
Wa alaikumus salam. Yaya, Allah Ya raya, Ya saka wa maigida da alheri. Amma da bakinka ka ce akwai waɗanda ba ka san sunansu ba. In kai da kake nan tun farko ba ka san su ba, shi da yake kan hanya kullum tsakanin Kano da Yamai wajen shigo da kaya ya san su? Ni ina riƙe da kes, wato akwatin kuɗi, a wani kamfanin jigilar kaya mai irin wannan tashin. Mu ma kullum "gida ɗaya muke" ake ce mana. Waɗanda aka fara da su, gaskiya ne, ƴan gida ne. Suna shiga wurin maigida ba sai sun nemi iso ba, in ta matse su karɓi abansi. Mu da muka zo daga baya, shefun reshe kaɗai muka sani. Albashi wani watan a ƙarshensa, wani watan sai an ci rabin mai kamawa, in ka tambaya a ce ba ka da haƙuri. Ƙarfe 11 na dare saƙo zai shigo WhatsApp a ce a turo lissafin yini, wanda bai amsa ba da safe a kira sunansa a gaban kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na abokiyar aikina. Da cikinta ya tsufa aka ce ta je gida ta huta, da daɗin baki, har da turmin atamfa. Da ta yi arba'in ta dawo, sai ta tarar da wata a kujerarta. Ba ta da takarda ko ɗaya da ke nuna ta taɓa aiki a wurin.

Mai Lissafi:
Bari in kawo abin da doka ta ce, don kada mu yi ta magana a iska. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta sa aikin mako awa 40, abin da ya haura a biya shi da ƙari, kuma a ba mutum hutun awa 24 a jere kowane mako. Hutun shekara kwana 2 da rabi ne a kan kowane wata, ya kama kwana 30 ke nan. Mai haihuwa tana da mako 14, kuma ba a korarta a cikinsu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000. Na CNSS kuwa, ana cire wa ma'aikaci 5.25 cikin 100, mai kamfani ya zuba 16.4 cikin 100. Mai albashin jika 60 ke nan za a cire masa 3,150, maigida ya ɗora 9,840. Da wannan kuɗin ake biyan fansho, da kuɗin iyali, da jinyar wanda ya yi haɗari a bakin aiki. Babu inda aka rubuta cewa sai kamfani ya girma.

Ƙanwata ta Sabongari, ki faɗa wa ƙawarki kada ta goge saƙonnin nan na dare. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a wurin sufeton ƙwadago, hujja ce take wuya, kuma saƙonnin hujja ne.

Ɗan Garin Malam:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ka ninka 9,840 ɗin nan sau yawan mutanen da muke da su, kowane wata. Mu rabin kayanmu bashi muke bayarwa. Mai garka a Mirya ba ya biya sai ya sayar da salati da tumatur. Kuɗin kamfani suna warwatse a hannun mutane, ga kwastan, ga canjin naira da sefa da ke motsi kullum. In aka tilasta wa maigida yau, abin da zai yi shi ne ya sallami rabin yaran. Su tafi ina? Jami'ar André Salifou kowace shekara tana yaye ɗalibai. Matatar SORAZ tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana, amma mutum nawa za ta ɗauka? Gwamnati ba ta ɗiba kamar da. Wanda bai samu ba kabu-kabu ne, ko zaman fada, ko hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Ni na fi son yaro ya samu jika 50 ba takarda da a ce yana da cikakken haƙƙi a wurin aikin da babu shi.

Hajiya Mai Man Gyaɗa:
Ɗana, a nan ina bayanka kaɗan. Ina da mata da ke yi mini aikin matsar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na san abin da ake nufi da wata ya ƙare kuɗinka suna hannun ƴan sari. Wanda bai taɓa kwana yana tunanin albashin wasu ba ba zai gane ba. Sai dai ni in kuɗi za su makara, tun kafin ranar nake tara su in faɗa musu dalili da ranar da zan biya. Ban taɓa buɗe sabon wuri ana bina kuɗin aiki ba. Kai kuma reshe uku ka lissafa.

Baba na Zongo:
Ku bar ni in sa baki, don wannan amanar da ake ambato a cikinta na girma. Ina yaro aka kai ni wurin wani Alhaji mai fataucin fata da goro a Zongo. Ba albashi, ba takarda. Ni ke buɗe mangaza da asuba, ni ke rakiyar kaya zuwa Kano ta Daura, wani lokaci a kan buhuna nake kwana. Amma ku ji abin da ke wuyansa shi. Cina da suturata nasa ne. In na kwanta ciwo shi ke kai ni likita. Da na isa aure shi ya nema mini, shi ya biya sadaki. Da lokaci ya yi ya kira dattawan unguwa, a gabansu ya ba ni jari, ya ce wa abokan cinikinsa na Kano su ba ni kaya da sunansa. Ya sallame ni na zama mai kaina. Kuma ba don kirkinsa kaɗai ya yi ba, ko da yake mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa. Duk Zongo na kallo. Ubangidan da ya ci ƙuruciyar yaro ya sake shi hannu rabbana, ba wanda zai ƙara ba shi ɗa, kuma zai ji a jikinsa a masallaci da Kasuwar Dole.

To ɗana, tambayata: wannan maigidan naku ya ɗauki wannan alkawarin? Yaron da ke reshen Magarya, in ya shekara goma, za a ba shi jari? Wa ya shaida? Abin da nake gani a kamfanonin yanzu, in ana son aiki sai a ce yaron gida ne, ya zauna har dare, ya zo ran Lahadi. In ya zo da buƙata sai a ce ai kamfani ne, akwai tsari, a jira darakta. Ana karɓar hidimar yaron gida, ba a ɗaukar nauyin ubangida, ba a kuma biyan haƙƙin ma'aikaci. Mutum ya zaɓi ɗaya. In ubangida ne ya riƙe su har ya sallame su da jari. In ba zai iya ba, kuma na san ba mai iya yi wa mutum hamsin haka, to ya rubuta musu takarda.

Ɗan Garin Malam:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Mu na farko ya yi mana alkawarin kaso in kamfani ya kafu.

Baba na Zongo:
A gaban wa, ɗana?

Ɗan Garin Malam:
Tsakaninmu ne, Baba. Ni na yarda da shi, ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Mai Lissafi:
Ba wanda ya ce maƙaryaci ne. Amma mutum yana mutuwa, magada su zo. Yana ɗaukar abokin jari daga Yamai, shi kuma ya zo da nasa akanta, wanda bai ci kwano ɗaya da kowa ba. Ran nan abin da ke rubuce kaɗai za a duba. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka yarda da juna.

Mai Ɗora Pano:
Ni ba a kamfaninsu nake ba, amma aikinmu ɗaya, kuma ni ke hawa sama. Duk wanda ya san watan Afrilu a Damagaram ya san kwano da azahar ba ya taɓuwa da tafin hannu. Haka muke hawa, wani lokaci da azumi a baki, don an yi wa mai gida alkawarin yau wuta za ta kama, kuma akwai wani gidan yana jira kafin magariba. A gabana wani yaro da aka ɗauka a matsayin mai koyo ya taka gefen kwanon da ƙusarsa ta saki. Pano na hannunsa, bai yarda ya sake shi ba don an ce wanda ya fasa a albashinsa za a cire. Da shi ya sauko ƙasa. Ƙafa ta karye a wuri biyu. Maigida ya kyauta, ba zan ɓoye ba: shi ya kai shi babban asibiti, ya biya hoto da magani, ya je gaishe shi da ledar lemo. Wata na farko an aika masa albashi cikakke, na biyu rabi, na uku shiru, don aiki ya yi yawa kuma an ɗauki wani. Yanzu yana ɗingishi, ba ya iya hawa tsani. Da yana da lambar CNSS, haɗarin aiki ne, jinyarsa da diyyar nakasarsa ba za su rataya a kan ko wani ya tuna da shi ba. Yaya, kai yanzu a ofis kake, kana rarraba aiki ta waya. Ka tambayi masu hawa sama a wurinku me suke so.

Ƴar Sabongari:
Kuma wannan saurin da ake taƙama da shi, a jikin wa yake fita? Kowane sabon reshe, mutum ɗaya ne ke aikin mutum biyu kafin a ɗauki wani. Shefun reshe jiya-jiya shi ma ɗan aike ne, ba wanda ya koya masa riƙon mutane, abin da ya iya shi ne tsawa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma daga sama ake matsa masa.

Ɗan Garin Malam:
Maganar masu hawa sama ta shige ni. Wannan zan kai wa maigida da kaina, a fara yi musu rajista su da direbobi, a kuma daina cire kuɗin pano in haɗari ne. Amma awa 40 ban yarda ba har yanzu. Aikinmu na lokaci ne. Da zafi ake neman mu, da damina kasuwa ta lafa, wani yinin a zaune muke ƙarewa ba wanda ya rage mana ko dala. Wanda ke duba agogo a watan Afrilu, ya tuna da Agusta.

Mai Lissafi:
To a rubuta hakan. A ce watanni kaza ana ƙara awowi, ga abin da za a biya ko ga hutun da za a rama da shi. Kuma tun da kun haura mutum 10, doka ta ba ku damar zaɓen wakilan ma'aikata. Su za su zauna da shi, ba sai kowa ya bi ta hannun wanda ya fi kusa da maigida ba.

Mai Ɗora Pano:
Yaya, in za ka kai maganar, ka tafi da mutum ɗaya daga Magarya da ɗaya daga Matamai, kada ku na farko ku shiga ku kaɗai. Kuma ka sa maganar igiyar ɗaure ƙugu da tsani mai kyau a ciki, don zafi ya kusa.