Wace hanya ce mafi sauƙi ta saka Linux a kwamfutocin shagon buga takardu?

MaiShago_Kabuga: Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutoci 6 ne a shago, HP da Dell 'yan gwanjo masu RAM 4GB, kuma Windows 11 ta ƙi hawa saboda babu TPM 2.0, wato guntun na'urar tsaro da take buƙata. Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, ana so a koma Linux. Aikin bai wuce buga furojet ɗin ɗaliban BUK, cike fom a intanet da firintin ba. Ta yaya za a yi ba tare da data ta ƙare ba?

Injiniya_BeirutRoad: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ɗauki Linux Mint 22 nau'in Xfce. Ba ta da nauyi, an gina ta a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Fayil ɗin ya kusa 3GB, sau ɗaya za ka sauke. Ka zuba shi a filas mai 8GB da manhajar Ventoy ko Rufus. Wajen kunnawa, don kwamfutar ta tashi daga filas ɗin, HP F9 ake dannawa, Dell kuma F12.

Abu biyu ke yawan kawo cikas. Idan Mint ba ta ga hadis (hard disk) ba, shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga lokacin kunnawa, ka mayar da saitin SATA daga RAID zuwa AHCI. Idan Wi-Fi ya ƙi fitowa, galibi katin Broadcom ne: jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet, ka buɗe Driver Manager ka zaɓi direban, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki.

Amma kada ka yi wannan aikin sau shida. Ka gyara guda ɗaya tsaf, da sabuntawa da firinta da komai, sannan ka kwafe ta da Clonezilla, manhajar kwafe hadis gaba ɗaya, zuwa sauran. Data sau ɗaya ke nan.

Malama_ZooRoad: Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai abin da ke korar kwastoma ba sakawar ba ce, fasalin takarda ne. Ɗalibi zai kawo furojet da Times New Roman, LibreOffice, wato madadin Microsoft Office a Linux, ta maye gurbinsa da Liberation Serif, ya ce an canja masa rubutu. Kafin kwafin, a saka fon ɗin Microsoft ta hanyar rubuta wannan umarni a Terminal:

sudo apt install ttf-mscorefonts-installer

Zai nemi ka amince da lasisi, danna Tab sannan Enter. Nan mutane ke maƙalewa su zaci ta daskare. Bayan haka a saita LibreOffice ta riƙa ajiyewa a docx, a mayar da girman takarda A4. Wanda ya zo firintin kawai, a ce ya kawo PDF, an huta. A ƙara madannin Hausa na Nijeriya saboda ƙ, ɗ da ɓ.

Firinta kuwa a duba tun kafin a goge Windows. Yawancin na HP suna aiki da HPLIP, direban HP na Linux, amma irin su LaserJet 1020 da P1102 sai an ƙara da umarnin hp-plugin. Canon LBP2900 direbanta na CAPT yana da wahalar sha'ani.

MaiShago_Kabuga: Na gode ƙwarai. To CorelDRAW fa? Akwai masu katin biki.

Malama_ZooRoad: Babu na Linux. Akwai Inkscape, manhajar zane, amma ba ya buɗe duk fayil ɗin cdr daidai. Gara ka bar kwamfuta ɗaya a Windows, a cire ta daga intanet, ta zama ta zane.

Injiniya_BeirutRoad: Ƙarin bayani kan Clonezilla: ba ta son zuba babban hadis a ƙarami, don haka wadda hadis ɗinta ya fi ƙanƙanta ita za ka fara gyarawa. Bayan kwafi ka canja sunan kowacce da umarnin hostnamectl, kada su riƙa karo a netiwok. A yi aikin da cikakken caji ko da janareta, domin in aka ɗauke wuta ana tsaka da kwafi sai an sake daga farko. Yaran shago a buɗe musu asusu marar ikon sudo, wato ikon saka manhaja ko canja tsarin kwamfutar, lambar sirrin mai gida ta zauna a wurinka.