Agogon awa 14: kariya ce ga direba ko bulala?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na samu lasisin tuƙa tirela a nan Amurka, kamfani ya ba ni mota ni kaɗai. Abin da aka koya mana shi ne: tuƙi awa 11, cikin awa 14 daga lokacin da ka fara aiki, sannan hutun awa 10 a jere. To wani tsohon direba ya ce min wannan awa 14 ɗin ita ke jefa mutane cikin haɗari, wai da a soke ta da hanya ta fi lafiya. Me kuka gani?

Mai Firiza: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. Awa 11 ba ta dame ni ba, babu mai hankalin da ke son ya wuce haka a kan sitiyari. Matsalar 14 ce, don da zarar ta fara tafiya ba ta jiran kowa. Ka isa wurin lodi ƙarfe bakwai na safe, su bar ka a layi har azahar, kana kallon ƙofar sito a rufe, agogo na ci. Kuɗinka kuma da mil ake lissafa shi, taya ba ta juya ba, aljihu bai motsa ba. Ka fito saura awa bakwai, ga tafiya a gabanka. Me za ka yi in ban da taka totur? Barci ya zo maka da la'asar, ba ka isa ka kwanta awa ɗaya ba, don daga cikin awanninka za a cire. Dokar da ke hana mai jin barci kwanciya, ta yaya za a kira ta dokar hutu?

Baba Ɗan Kumasi: Mai Firiza, ka yi mini haƙuri, ban yarda ba. Ni na yi tuƙi zamanin da ake rubuta awanni a takarda da biro, kafin a wajabta na'urar ELD, wadda ke rubuta awannin direba da kanta, a Disamba 2017. Na ga direbobi da littafi biyu, ɗaya na nuna wa jami'i, ɗaya na gaskiya. Kuma ba son ransu ba ne. Mai raba wa direbobi aiki a kamfani zai bugo cikin dare ya ce kaya sai sun isa da asuba, ka gyara littafinka. In ka ƙi, mako mai zuwa ba ka da lodi mai kyau. Yau shi ma yana ganin agogonka a kwamfutarsa, ya san babu inda za shi. Ɗana, wannan na'urar ita ce ta fara ba ƙaramin direba bakin cewa a'a.

Mai Firiza: Baba, ban musa muku ba. Amma an ɗaure direba, an saki mai sito. Shi wa ya sa masa agogo?

Baba Ɗan Kumasi: To ka ga laifin na mai sito ne. A nemi kuɗin jira, a matsa musu. Kada a cire wa direba garkuwarsa.

Anti Mai Raba Aiki: Mai Firiza, maganarka ta tsaya a tsohuwar doka. Tun Satumba 2020 hukumar FMCSA, mai kafa dokokin tuƙin manyan motoci a Amurka, ta sassauta. Za ka iya raba hutun awa 10 gida biyu: awa 8 a gadon mota da awa 2, ko awa 7 da awa 3, kuma duka biyun ba sa shiga lissafin 14. Wato in sun zaunar da kai a sito kuma ba ka da wani aiki a kan kayan, shiga gado ka kwanta, ka nuna a na'urar cewa kana hutu. Hutun minti 30 ma yanzu bayan tuƙin awa 8 ne, kuma shan mai ko tsayawa a wurin lodi yana iya cike shi, muddin minti 30 ne a jere ba tuƙi. Sai dai kai Sabon Hannu, kada ka taɓa rabon hutun nan sai wani ya zauna da kai ya nuna maka lissafin, yana da saurin rikitarwa.

Ɗan Damagaram: Ni duk ɓangarorin biyu akwai abin da kuka bari. Agogo yana ƙirga awannin aiki, ba ya ƙirga barci. Ku tuna haɗarin New Jersey a Yuni 2014, da tirelar Walmart ta afka wa motar ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan, abokinsa James McNair ya rasu. Binciken hukumar NTSB, mai bin diddigin haɗurran sufuri, ya nuna direban ya fi awa 28 bai runtsa ba. Ya tuƙo motarsa ta gida tun daga Georgia zuwa Delaware kafin ya hau tirela, kuma bai cika awa 14 ɗinsa ba lokacin da abin ya faru. A allo yana cikin doka, a jiki ya gama ƙarewa. Mu ma muna yin irin ta: awa 10 ta hutu, rabi ya tafi a hira da gida a waya saboda bambancin lokaci.

Mai Firiza: Wannan kam haka ne. Amma ku ƙara da wurin fakin. Bayan magariba ka shiga tashar manyan motoci ka gani, an cika har bakin hanya, kai kuma saura minti 20. Jason Rivenburg, direban tirela da aka kashe a 2009 a South Carolina, a wani kangon gidan mai ya kwana da motarsa. Da sunansa aka yi dokar samar da wuraren fakin a 2012, har yau ba su wadata ba.

Baba Ɗan Kumasi: Shi ya sa nake tashi kafin asuba. Na duba tayoyi, birki da fitilu, in yi sallah, in kama hanya. Minti 30 ɗina in haɗa shi da azahar. Da la'asar na yi fakin, wuri na nan birjik. Kuma tun da safe nake zaɓar wuraren kwana biyu ko uku, in wannan ya cika in wuce gaba da sauran lokaci a hannu.

Sabon Hannu: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Iyakar awa 70 ta aiki ɗin fa? Kullum sai ta ƙare min tun ban shirya ba.

Anti Mai Raba Aiki: Awa 70 ce cikin kwana 8, kuma har da duba mota da shan mai, ba tuƙi kaɗai ba. Ko ka ƙone ta ka zauna awa 34 ta dawo sabuwa, ko ka riƙa yin kamar awa takwas da rabi kullum, ba za ta ƙare ba. In wani ya matsa maka ka karya doka, ce masa ya aiko a rubuce ta na'ura. Tun 2016 tilasta wa direba hakan laifi ne.

Mai Firiza: Awa takwas da rabi da kuɗin mil? Anti, wa zai biya hayar gida?

Anti Mai Raba Aiki: Turo min milolinka na watan jiya, mu kwatanta da na direbana da ke bin wannan tsarin.