Baba ya daina cin abinci, an ce in nema masa Meals on Wheels. Wa ya san kan abin?

Maman Nabila (Ohio)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a Amurka, musamman masu aikin jinya da masu kula da tsofaffi a gida.

Mahaifina shekararsa 79, yana da ciwon suga. A hunturun da ya wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma da sauƙi alhamdu lillahi. Yana takawa da sanda, yana magana, hankalinsa ras. Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake wajenmu. Ni da maigidana sammako muke yi wurin aiki, yara suna makaranta, don haka shi kaɗai ke wuni a gida. Kullum kafin in fita sai na zuba masa abincin rana a roba na sa a firji, har takarda na manna a jikin na'urar ɗumama abinci, na rubuta masa abin da zai danna. In na dawo sai in tarar da robar yadda na bar ta, ko kuma ya yi cokali uku ya mayar da murfi. In na yi magana ya ce, "Na ƙoshi, ai na sha shayi." Shayi da biredi, shi ke nan abincinsa.

Ranar Asabar na same shi a baranda da ƙusa da guduma yana huda sabon rami a bel ɗinsa, wai wandon ne ya yi masa yawa. Nan hankalina ya tashi, na lallaɓa shi ya hau sikeli. Ranar da aka sallame shi fam 160 aka rubuta. Yanzu fam 148, wata huɗu ke nan.

Wata abokiyar aikina ta ce in yi masa rajistar Meals on Wheels, wato shirin nan na kai wa tsofaffi dafaffen abinci har gida. To ni dai na ɗauka abin na marasa galihu ne, mu kuwa muna da aiki, ba abinci ne babu a gidan ba. Shin za su karɓe shi? Nawa ake biya? Ana samun na halal? Kuma gaskiya akwai abin da ke min nauyi a zuciya: 'yarsa na raye, ta iya girki, a ce baƙo ne zai riƙa kawo masa abinci. Maigidana ya ce kunyar banza ce. Me kuka gani?

Baban Sadik (Bronx)

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Allah ya ba ki ladan ɗawainiya.

Na taɓa yin aikin sa kai na raba wannan abinci, bari in faɗi abin da na sani. Meals on Wheels ba kamfani ɗaya ba ne, ƙungiyoyi ne birjik, kowace da yankinta, shi ya sa dokokinsu ke ɗan bambanta. Amma ginshiƙin kuɗin gwamnati daga doka ɗaya yake fitowa, Older Americans Act ta 1965, wadda aka ƙara mata shirin ciyar da tsofaffi a 1972. Sharaɗin shekaru 60 ne zuwa sama. Ba a auna albashin kowa kafin a karɓe shi. Za su ce a ba da gudummawa gwargwadon hali, amma doka ta hana a fasa ba tsoho abinci don bai biya ba. Sai dai ki sani, suna fifita wanda ya fi buƙata, kuma a wurare da yawa akwai layin jira. Tunda yana zaune tare da ku, za su tambaya ko akwai mai dafa masa. Ki faɗa musu gaskiya yadda take: da rana babu kowa, kuma ya rame.

Ƙa'ida ita ce kowane kwano ya ƙunshi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na abin da jikin tsoho ke buƙata a rana, kuma galibi sau ɗaya ne a rana, kwana biyar a mako. Kin ga ke nan ba su ɗauke miki girki ba, na safe da na dare da na ƙarshen mako suna wuyanki.

Hanya mafi sauƙi ki kira Area Agency on Aging na yankinku, wato ofishin kula da harkokin tsofaffi. In ba ki san lambarsu ba, Eldercare Locator, layin gwamnati na nema wa tsofaffi taimako, za su haɗa ki da su. Batun halal kuwa ya danganta da gari. Inda Musulmi suke da yawa ana samu, inda babu ki nemi na kifi ko na ganye zalla, kuma ki ce a rubuta a fayil ɗinsa cewa ba ya cin alade.

Ni abin da na fi gani da amfani ma ba kwanon ba ne. A inda na yi aiki, ba a yarda mu ajiye abinci a bakin ƙofa mu tafi ba. Sai an buɗe, mun ga mutum da idonmu. In an ƙwanƙwasa shiru, ofis muke kira, su kuma su kira 'yan'uwansa. Ga mai tafiya da sanda, wanda ke wuni shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nas Hauwa

'Yar'uwa, ki yi rajistar, ban ce kar ki yi ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abinci yana firji bai ci ba. In aka kawo wani daga waje, me ya sa kike ganin zai ci? Sai an gano abin da ya hana shi ci.

Fam 12 daga cikin 160 kashi 7.5 ne cikin ɗari. A wurinmu, tsohon da ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa a wata shida ba tare da niyya ba, abin dubawa ne. Baba ya wuce nan a wata huɗu. Ki kira likitansa a wannan makon, kada ki jira ranar da aka ba ku, kuma ki tafi da lambobin nan biyu a rubuce.

Abu na farko da na zarga, tunda kin ce shanyewar ɓarin jiki, shi ne haɗiya. Mutane da yawa bayan wannan ciwo haɗiya takan yi musu wuya, kuma dattijo ba zai ce miki yana ƙwarewa ba, cewa zai yi ya ƙoshi. Ki lura da abin da ya zaɓa da kansa: biredin da ake tsomawa a shayi ya yi laushi. Yau da dare ki zauna gabansa ki kalle shi yana ci, ba tare da ya gane kallonsa kike ba. Yana tari ko gyaran murya in ya kurɓi ruwa? Bayan ya haɗiye, muryarsa tana fita kamar da ruwa a maƙogwaro? Loma ɗaya yana ta juya ta a baki? In ya gama, akwai abincin da ya maƙale a kumatu ta ɓangaren da ya shanye? Ko ɗaya kika gani, ki ce wa likita ya tura ku wajen masu gyaran magana, su ne ke gwajin haɗiya. Haɗarin shi ne abinci ko ruwa ya riƙa bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, daga nan sai ciwon huhu. Kada ki sayi garin nan na kaurara ruwa ki fara ba shi da kanki, a bari su auna su faɗi kaurin da ya dace. Kafin nan, ya riƙa ci a zaune tsaf a kujera, ba a kishingiɗe ba, kuma kada ya kwanta sai ya yi kamar rabin awa.

Sai baki. In yana sa haƙoran roba, wanda ya rame dasashinsa ma ramewa yake yi, sai haƙoran su riƙa motsi suna gurje shi. Ki haska fitilar waya ki duba ko akwai miki ko farin abu a harshe.

Sai magunguna. Ki kwashe su duka a leda ki kai a duba, har da waɗanda ya saya da kansa. Wasu suna busar da baki, wasu suna kashe ɗanɗano. In ƙwayar suga ta metformin yake sha, yakan rage sha'awar abinci, kuma in aka daɗe ana shansa yana rage bitamin B12, a gwada jininsa. In kuwa insulin ne ko ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi, abin ya fi gaggawa, don ana ba shi maganin mai fam 160 mai cin abinci sau uku, alhali shayi yake wuni a kai. Suga zai iya faɗuwa yana shi kaɗai a gida.

Wannan kuma na san wasu ba za su so ji ba. Iyali sukan matsa wa tsoho mai ciwon suga da "kada ka ci wannan, kada ka taɓa wancan", ba gishiri, ba mai, ba zaƙi, har abinci ya zama salam, ya fita daga ransa. A shekara 79, ga rama, likitoci da yawa sassauta dokar suke yi, don ramar ta fi ɗan hawan suga haɗari. Ba ni zan sassauta ba, likitansa ne, amma ki tambaya.

Tsoho yana buƙatar furotin fiye da yadda ake zato, kamar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, matuƙar ƙodarsa lafiya lau. Baba yana kusan kilo 67, wato giram 67 zuwa 80. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara giram 8. Ki lissafa abin da ke cikin shayi da biredi. Ki daina cika masa roba, babban kwano yana kashe wa mara lafiya gwiwa tun kafin ya fara. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: ƙwai, yogot, kifi mai laushi, wake da ya dahu lugub, shayin ma a yi shi da madara sosai maimakon ruwa. Ruwan sha kuma a ajiye kusa da hannunsa, don tsufa yana rage jin ƙishirwa.

Na ƙarshe, damuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani bayansa, kuma ana maganinsa. In ya daina abubuwan da yake so a da, ki faɗa wa likita wannan ma.

Hajiya Babba (Maryland)

Ni ba nas ba ce, amma na girme ku duka, kuma na yi jinyar maigidana har Allah ya karɓi abinsa. 'Yata, ki ajiye maganar kunya. Ba gazawa kika yi ba, ƙasar ce haka, kowa ya fita nema.

Duk abin da Hauwa ta faɗa gaskiya ne. Amma ku yara ba ku san yadda cin abinci kai kaɗai yake ba. Gida tsit, sai ƙarar firji, ka buɗe roba ka zauna kana kallon bango. Wallahi ko lafiyarka ƙalau ba ya shiga. Ki lura, ran Lahadi da kuke gida duka, jikoki na hayaniya a kansa, ba ya ɗan fi ci? In ya fi ci, to kin samu rabin amsarki.

Tunda yana takawa, ni da za ki ji tawa, ki tambaye su wurin da tsofaffi ke taruwa su ci abincin rana tare. Kuɗin gwamnatin nan ɗaya ne da wanda Baban Sadik ya faɗa, wasu wuraren har mota suke turowa. Zai yi kememe da farko, ya ce shi ba ya zuwa cikin mutanen da bai sani ba. Ki ɗauki hutun rana guda ki raka shi. In ya ƙi sam, to a sa wani cikin yaran ya riƙa kiransa ta bidiyo lokacin cin abinci, ko a samu wani dattijo a unguwa da zai riƙa leƙowa.

Maman Nabila (Ohio)

Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, gaskiyarki, ran Lahadi ya fi ci, amma ba wani sosai ba. Anti Hauwa, jiya na zauna na kalle shi. Sau biyu ya yi tari da ya sha ruwa, kuma nama tauna shi yake ya fitar a tishu ya ɓoye a ƙarƙashin faranti. Na kira ofishin likita, sun ba mu ranar Alhamis. Metformin yake sha, ba insulin ba.

Tambaya ɗaya ta rage. Yana da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ta tsofaffi. Ba su biyan irin wannan abincin? Kuma in gwajin ya nuna sai mai laushi zai riƙa ci, masu kawowar suna yin irinsa?

Baban Sadik (Bronx)

Medicare na asali, wato Part A da Part B, ba ya biyan abincin da ake kaiwa gida. Wasu tsare-tsaren Medicare Advantage, wato Medicare da ake samu ta hannun kamfanonin inshora, suna biya, amma yawanci na ɗan lokaci ne bayan sallama daga asibiti, don haka ki juya katinsa ki kira lambar da ke baya ki tambaya. Abin da Part B ke biya, kuma mutane ba su cika sani ba, shi ne ganin ƙwararriyar masaniyar abinci ga mai ciwon suga ko ciwon ƙoda, awa uku a shekarar farko, awa biyu a shekarun da ke biye. Sai likita ya rubuta takardar turawa, to ki roƙa ran Alhamis ɗin tunda za ku je.

Ɗaya hanyar ta Medicaid ce, inshorar lafiya ta gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Tun 1981 aka ba jihohi damar kashe kuɗin Medicaid wajen kula da mutum a gidansa maimakon kai shi gidan jinya. A Ohio akwai shirin PASSPORT na masu shekara 60 zuwa sama, cikinsa har da abinci da mai zuwa gida ta taimaka. Shi wannan ana auna kuɗin shiga da dukiya, kuma sai an tantance cewa buƙatarsa ta kai ta wanda za a kai gidan jinya. Ofishin nan dai na Area Agency on Aging za ki tambaya.

Abinci mai laushi ko niƙaƙƙe, wasu suna yi, wasu ba sa yi, kuma masu yi sukan nemi takardar likita. Ki jira sakamakon gwajin kafin ki zaɓi irin abincin, amma sunansa ki sa shi a layi tun gobe.