Moton Amurka a wutarmu: ina sauran gudun?

Assalamu alaikum, masu naɗin koyil. Na sayi moton gwanjo ɗan Amurka don injin markaɗe. A jikinsa an buga 60Hz (hertz, wato sau nawa wutar lantarki ke kai da komowa a daƙiƙa), juyi 1725 a minti, amma da muka auna, a 1440 ya tsaya. Waken ƙosai ma sai an maimaita.

Lissafin gudun na sani: 120 sau hertz, a raba da yawan pol, wato kawunan maganaɗisun cikin moton. Pol huɗu a 60 yana ba da 1800, a wutarmu mai 50 kuma 1500, sai nauyin aiki ya ɗan rage gudun.

To in na ƙara girman fulin moton, wato wilin da bel ke hawa, don ya rama gudun, ba zai ƙone ba? Yanzu ma hannu ba ya daɗewa a kansa. Ko in ɗaga gudun janareta ya kai 60? Don Allah a taimaka.