Rumfar tsohon jirgin ƙasa a baje kolin manoma: ta yaya za mu sa jama'a su tsaya?

Bakano a Ingila:

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina zaune a wani ƙaramin gari da ke yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales, kuma tun bara nake ba da Asabar biyu a kowane wata ga wata ƙungiya da ke kula da wani tsohon layin dogo. Layin yana cikin waɗanda aka rufe bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar a daina aiki da dubban tashoshin da ba sa kawo riba. Daga baya mutanen yankin suka haɗa kuɗi suka sayi wani yanki nasa, suka gyara, yanzu kan jirgi mai aiki da tururi yana jan fasinjoji a kansa a ranakun hutu. In ban da ma'aikata ƙalilan, duk masu wannan aiki sa-kai suke yi, babu mai karɓar ko kwabo.

A bazarar da ta wuce an tura mu mu uku zuwa baje kolin manoma na yankin, inda ake gasar tumaki da shanu da kayan lambu. Muka kafa rumfa tsakanin mai sayar da zuma da masu tallar taraktoci, muka jera hotuna da takardun jadawalin jirgi da gwangwanin gudummawa. Tun safe har la'asar jama'a suna wucewa ta gabanmu zuwa filin gasar, kuma waɗanda suka tsaya kusan dukkansu dattawa ne da suka riga suka zama membobinmu. Muka koma gida da mafi yawan takardun da muka buga. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san irin wahalar da ake sha kafin jirgin nan ya motsa. Bana kwamiti ya ɗora mini nauyin shirya rumfar, shi ya sa nake neman shawarar duk wanda ya taɓa irin wannan aiki. Me ya kamata mu kai, kuma me ya kamata mu faɗa wa mutumin da ya zo kallon raguna, ba jirgi ba?

Dattijo a Powys, Wales:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina irin wannan aiki, kuma abin da ka bayyana ya taɓa faruwa da mu. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kwamitinku ita ce, me kuke nema a wurin? Idan fasinjoji ne, to masu yawon buɗe ido da ke cika taragunku daga nesa suke zuwa, kuma a intanet suke samun labarinku. Waɗanda ke zuwa baje kolin manoma maƙwabtanku ne, masu jin kukan jirgin daga gonakinsu, kuma abin da layin dogo irin naku ya fi buƙata daga maƙwabci shi ne hannunsa.

Haka abin ya faro tun asali. A 1951 wasu masu sha'awa, cikinsu har da marubuci Tom Rolt, suka karɓi layin Talyllyn da ke Tywyn a Wales bayan rasuwar mai shi, ya zama layin dogo na farko a duniya da masu aikin sa-kai suka ceto suka ci gaba da gudanarwa. Tsawonsa mil bakwai ne da 'yan kai. Layin Bluebell da ke Sussex ya biyo baya a 1960. Ko lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da tururi a 1968, mutane ne 'yan ƙungiya suka riƙa zuwa filin tsoffin ƙarafa na garin Barry da ke Wales suna sayo kawunan jirgi ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da fiye da 200. Aikin gayya ne zalla, irin wanda muka sani a gida lokacin noma, sai dai wannan gayyar ba ta ƙarewa da faɗuwar rana. Mutanen da suka fara ta sun tsufa, da yawa sun rasu, kuma duk wanda ya shiga wurin gyaran kan jirgi a yau zai ga furfura ta fi yawa.

Saboda haka ka kai littafin rubuta suna, ka kuma rubuta a babban allo ayyukan da kuke neman mai yi. Mutane suna zaton sai wanda ya san injin ake so, alhali akwai sare ciyayi da ƙayoyi a gefen layi, da gyaran shinge, da fentin tarago, da sayar da tikiti, da dafa shayi a tasha, da riƙe littafin kuɗi. Manomin da ke da zarto da tarakta zai iya gama muku a yini guda aikin da zai ɗauke ku wata. Kada kuma ka guje wa masu ƙorafi. Tartsatsin wuta daga bututun jirgi yana iya kunna busasshiyar ciyawa idan aka daɗe ba a yi ruwa ba, tumaki suna kutsawa ta karyayyen shinge, akwai kuma ƙofofin da manoma ke bi su tsallaka layi. Manomin da ya tsaya ya yi muku faɗa a kan waɗannan ya fi wanda ya wuce yana murmushi amfani, idan aka saurare shi aka rubuta abin da ya ce, aka kuma je gonarsa a makon da ya biyo baya.

Abu ɗaya da na ga ya fi komai tsayar da mutane shi ne tsohuwar taswirar layin, babba, wadda ke nuna sunayen gonaki da ƙananan tashoshin da suka ɓace. Mutum zai sa yatsa ya ce nan ne kakansa ke loda madara ko tumaki, kuma daga nan shi ne zai riƙa ba ku labari. Aikinku a lokacin shi ne ku yi shiru. Wanda ya fi kowa sanin injin a cikinku, ku roƙe shi ya adana bayaninsa sai an tambaye shi.

Maman yara a Birmingham:

Baba, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina ganin ka rage darajar iyalai. Ni ba 'yar sa-kai ba ce, mai sayen tikiti ce, kuma a irin wannan rumfa na fara sanin cewa akwai jirgin tururi da zan iya kai yarana. Abin da ya tsayar da mu shi ne ƙaramin jirgin wasa da ke zagaye a kan tebur, da wata mata da ta bar ɗana ya sa hular mai gadin jirgi ya ɗaga koriyar tuta. Yana cikin wannan ne ni kuma na sami damar tambayar abin da uwa ke son sani: nawa ne kuɗin iyali gaba ɗaya, minti nawa tafiyar take ɗauka, ko keken jariri zai shiga, ko akwai banɗaki a tasha. Malam Bakano, ka rubuta amsoshin nan da manyan haruffa, domin jadawalin jirgi mai ƙananan lambobi ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Kuɗi kuma ba abin kunya ba ne a ambata. Duk shekara goma sai an kwance tukunyar kan jirgi an yi mata cikakken bincike kafin a sake ba ta izinin aiki, kuma tun da aka rufe mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil a Wales a ƙarshen 2023, layuka da yawa sun koma sayen kwal daga ƙasashen waje. Idan ƙungiyarku tana da rajistar ƙungiyar agaji, ku kai takardun Gift Aid, tsarin da ke ba ta damar karɓo kwabo 25 daga hukumar haraji a kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar. Ku kai na'urar karɓar kati kuma, tun da mutane sun rage yawo da tsabar kuɗi.

Ɗan ma'aikacin reluwe daga Zariya:

Ina karanta ku daga gida, kuma mahaifina a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya, don haka zancen ya taɓa ni. Ɗan'uwa Bakano, ina ganin kana da abin da abokan aikinka ba su da shi. Ba nisa da inda kake akwai layin Welshpool da Llanfair, wanda aka buɗe a 1903 domin manoma, aka rufe a 1956, masu sa-kai suka sake buɗe shi a 1963. A 1975 sun sayo kan jirgi da taragun fasinja daga Saliyo bayan an rufe layin ƙasar. Faɗin layin nasu ƙafa biyu da inci shida ne, daidai da na ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos a 1914 domin jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Yawancin kawunan jirgin tururi da suka ja gyaɗa da auduga daga Kano zuwa Legas ma a masana'antun Birtaniya aka ƙera su. Idan wani ya tambaye ka abin da ya kawo Bakano wannan aiki, ka gaya masa cewa jirgi ya isa garinku tun 1911. Mu a nan, in ban da ƙoƙarin ƙungiyar Legacy da ta gyara gidan Jaekel a Ebute Metta da ke Legas ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi, tsoffin kayanmu tsatsa ke ci, kuma dattawan da suka iya sarrafa su suna ta ƙarewa.

Bakano a Ingila:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba ɗakin ajiyar tasharmu jiya, na tarar da taswirar da aka zana tun kafin a rufe layin, kuma wani memba ya yarda zai buga mana ita a babban allo. Zan gabatar wa kwamiti buƙatar mutum biyar maimakon uku, cikinsu da mata biyu da ke aiki a wurin shayi, domin su ne suka san amsar tambayoyin da Maman yara ta lissafa. Baba, akwai manomi guda da gonarsa ke jikin layinmu wanda na ji an ce yana da ƙorafi a kan shinge tun shekarar da ta wuce. Ba zan jira ranar baje kolin ba, zan nemi shugaban masu gyaran layi mu je wurinsa ranar Asabar mai zuwa, in sha Allahu.