Ta ina zan fara koya wa yaran firamare gane haɗari?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ina neman shawara. An ware minti 15 kowace Litinin bayan asambuli don a koya wa yara, daga aji ɗaya zuwa shida, yadda za su gane haɗari su kauce masa. Makarantar tana bakin titi, ga kuma kududdufi a bayan unguwa. Da me ya kamata a fara, kuma yaya za a yi abin ya zauna musu? "Ku yi hankali" kam sun ji har sun gaji.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, Malama. "Ku yi hankali" ba ta gaya wa yaro abin da zai yi da ƙafarsa da hannunsa ba, shi ya sa take wucewa ta bayan kunne. Kowace Litinin ki ɗauki haɗari ɗaya, umarni kada ya wuce uku, kuma a fili za a gwada, ba a allo ba.

Tunda kuna bakin titi, da shi za ki fara. Ki zana titi da toka a filin makaranta, wasu yara su zama motoci, wasu babura da Keke Napep. Mai tsallakawa ya tsaya taku ɗaya kafin bakin kwalta, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, sannan ya wuce da tafiya, ba da gudu ba. Hagu ake fara dubawa domin tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Najeriya, don haka motar da ta fi kusa da shi daga hagunsa take ɓullowa. Wanda ya haddace "dama, hagu, dama" tsarin Ingila ya haddace. Ko a titi mai hannu biyu a duba ko'ina, ai kin san halin 'yan acaɓa da bin hannun da ba nasu ba.

Ki auna mita 14 da igiya su gani da idonsu. Nisan da motar da ke gudun kilomita 50 a awa take ci kenan cikin daƙiƙa ɗaya, tun direba bai taka birki ba. Yaron da bai kai shekara goma ba bai iya kintata gudun mota, sai babba ya riƙe shi, kuma a wuyan hannu, domin 'yan yatsu suna suɓucewa. Kada su fito daga bayan motar da aka ajiye, direba ba ya ganinsu. A Keke, ta gefen dama ake sauka. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana kafa kulob a makarantu, ku rubuta wa ofishinsu mafi kusa. Lambarsu ta gaggawa 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Baban Yara:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da tsarin, amma kududdufin nan kada a bar shi sai ruwa ya sauka. A Afrilu ko Mayu ya kamata a yi darasinsa, kuma a kai yaran su ga ramin tun yana bushe. Yawancin kududdufai wurin haƙar ƙasar gini ne: bakinsa iya gwiwa, taku biyu gaba sai rami mai shanye babban mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Idan ya cika, duk samansa ɗaya yake.

Su san cewa mai nutsewa ba ya ihu, numfashi yake nema, kuma duk wanda ya matso zai ƙanƙame shi su tafi tare. Dalilin da ake rasa yara biyu a wuri ɗaya kenan. Doka ita ce ba a shiga. A yi ihu, a kira babba, a jefa masa jarka mai lita 20 babu komai a ciki, murfinta a rufe, ko a kwanta ruf da ciki a miƙa masa gora.

Da damina ne kuma iska ke tsinko wayar lantarki. A nisance ta da mita goma, wajen taku 20 na yaro, ko da an ɗauke wuta, domin ba sanarwa ake kawo ta. Wanda ta kama ba a taɓa shi. Tankar mai kuwa in ta faɗi, gudu ake yi, ba ɗauko bokiti ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwata har ya iske wuta. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu ta wannan hanya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baban Yara, ina da gyara kaɗan. Jarka da gora na 'yan aji huɗu zuwa shida ne. Ƙanana aikinsu uku: ja da baya, ihu, kiran babba. In aka koya musu ceto, gwadawa za su yi.

Malama, kada ki manta cikin gida. Kalanzir da fiya-fiya a gorar lemo ake zuba su, yaro kuwa gorar ya sani. Ki kawo gorori biyu iri ɗaya a rufe, ɗaya ruwa ɗaya kalanzir, ki ce su bambance daga nesa. Ba za su iya ba, daga nan sai doka: abin da babba bai ba ka ba, ba ka sha. In an riga an sha, kada a sa amai, kada a ɗura manja ko madara. Amai ne ke tura kalanzir cikin huhu. A tafi asibiti da gorar a hannu.

Ƙuna, ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Riga in ta kama wuta, a tsaya, a kwanta, a yi birgima, gudu hura ta yake yi. Wannan kam yara na son gwadawa a kan tabarma. Da hunturu a yi darasin kaskon gawayi da janareto: iskar da ke kisa ba ta da wari, farkonta ciwon kai da jiri, don haka ba a kwana da su a rufaffen ɗaki. Cizon kare, a wanke da sabulu da ruwa minti 15 sannan asibiti a ranar, ko ƙwarzane ne. Saran maciji, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana yaron tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Malamar Aji Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To amma Hajiya, in yaro ya koma gida ya ce kada a ba da manja, kaka ta ce ita haka ta taso ta gani fa?

Tsohon Hedimasta:
Ba yaro ne zai yi gardama da kaka ba, Malama. Wannan aikin taron iyaye da malamai ne, a gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayanin da bakinsa, a kuma roƙi liman da mai unguwa su maimaita. A wurin taron ki ƙara roƙo ɗaya: yaron da ya zo ya ce ƙaninsa ya sha wani abu, ko kare ya cije shi a inda aka hana shi zuwa, kada a tare shi da bulala. In aka dake shi yau, gobe ɓoyewa zai yi, ciwon haukan kare kuwa da zarar alamunsa sun bayyana allura ba ta da sauran amfani.